Mushe ya san sunanka?

Wata huɗu ke nan da wata abokiyar karatuna ta sashen Ingilishi ta turo mini wani littafi a waya, ta ce in karanta ko na daina cika musu kunne a fada da zancen lakwal ta lalace. Sunan littafin Horace's Compromise. Wani Ba'amurke mai suna Theodore Sizer ya rubuta shi, ya fito a 1984. Ingilishina na bak ne, don haka da ƙamus a gefe na bi shi, yau shafi biyar, gobe goma, in caji ya ƙare in jira a kawo wuta. Da na gama sai na bi sawun abin da littafin ya haifar a Amurka, wato yunƙurin gyara makarantu ta hanyar mai da su ƙanana, inda malami zai san kowane ɗalibi kuma ba a bar ɗan talaka a baya ba. Wanga rubutu sharhi ne a kan littafin da yunƙurin duka. Na yarda da su a wuri guda mai muhimmanci, ina kuma da ƙorafi a kansu a wurare da dama, har da wani da ya shafi fannina na ilimin harshe.

Sizer ba baƙo ba ne a harkar. Ya shugabanci tsangayar ilimi ta jami'ar Harvard, ya kuma yi darakta na wata tsohuwar makarantar ƴaƴan masu hali. Bayan nan ya zagaya makarantun sakandare na ƙasar, ya shiga azuzuwa ya zauna ya saurara. Bai zubo mana alƙaluma ba. Mutum guda ya ƙirƙiro, Horace Smith, malamin adabin Ingilishi da ya daɗe yana aiki, ya san aikinsa, yana kuma son yara. Horace yana da ɗalibai 120 a azuzuwa biyar. Ya sani sarai cewa yaro ba ya koyon rubutu sai ya yi ta rubutawa ana duba masa ana gaya masa inda tunaninsa ya karkace. Amma ku yi lissafi da kanku: minti 5 kacal a kan takardar kowane yaro, sau 120, awa 10 ke nan, ban da shirya darasi da koyarwar kanta. Sai Horace ya rage yawan rubutun da yake ba su, ya rage zurfin gyaran. Wannan shi ne sassaucin da sunan littafin yake nufi. Ba ragwanci ya kai shi ba, tsarin ne ya matse shi. Daga nan sai wata yarjejeniya da ba a furtawa ta shiga tsakanin malami da aji: ba zan takura muku da aiki mai wuya ba, ku ma kada ku tada mini hankali.

Wallahi da na kai wurin nan sai da na ajiye wayar. Na san Horace. Shi ne mushenmu na Faransanci a turwaziyam, wanda yake riƙe da aji huɗu, kowane aji mun haura 80. In za a yi masa lissafin Horace, sai ya kwashe sama da awa 26 kafin ya duba rubutu guda na kowane ɗayanmu. To ya za ya yi? Sai ya cika tabulo da darasi, mu kwafa a kaye, mu haddace, ranar jarrabawa mu mayar masa da kayansa. Sunana bai taɓa fita daga bakinsa ba sai lokacin kiran suna. Ban riƙe shi a zuciya ba. Ƙarfin littafin Sizer ke nan: ya ɗauke laifi daga kan malami ya ɗora shi a kan lissafin da aka ɗaure malamin da shi.

A shekarar da littafin ya fito Sizer ya kafa wata haɗakar makarantu a jami'ar Brown, mai suna Coalition of Essential Schools, a kan ƙa'idoji tara. Zan ambaci waɗanda suka fi ɗaukar hankalina da kalmomina. A rage yawan darussa a zurfafa kaɗan ɗin da aka zaɓa. Kada malamin sakandare ya riƙe fiye da ɗalibai 80 gaba ɗaya. Ɗalibi ne mai aikin, malami yana gefe yana gyara masa hannu, kamar yadda maƙeri ke yi da yaronsa. Kuma kada a ba da shaidar kammalawa don yaro ya zauna shekara kaza a kan benci, sai ya fito ya nuna abin da ya iya a gaban mutane.

Inda aka fi ganin abin a ƙasa shi ne unguwar East Harlem ta New York, unguwar talakawa baƙar fata da masu jin Sifaniyanci. A can wata malama, Deborah Meier, ta buɗe ƙaramar firamare ta gwamnati mai suna Central Park East a 1974, sannan ta ƙara sakandare a 1985. An haɗe darussa zuwa manyan rukunai biyu, ana zama kamar awa biyu a kan kowanne, har malami ya zamo yana hulɗa da ɗalibai wajen 40 kawai. Kowane babba a makarantar yana da ƴan ɗalibai kamar 15 da yake bi sau da ƙafa, ya san iyayensu, ya san in an yi rashin lafiya a gida. Kafin ɗalibi ya fita sai ya tara kundin aiki 14, ya kare wasu daga ciki a gaban kwamiti, kusan yadda muke kare kundin digiri a nan jami'a. An horar da su su riƙa tambayar kowace magana: mi ne ne hujja, daga bakin wa ta fito, da mi take da alaƙa, da a ce abin ya sauya fa, kuma mi ya sa za mu damu. Mafi yawan yaran sun gama, mafi yawansu sun wuce jami'a, a unguwar da aka saba ganin yara suna watsar da karatu. Meier ta ba da labarin a littafinta The Power of Their Ideas na 1995.

Zuwa nan babu abin da zan ce sai madalla. Ƙorafina na farko yana kan abin da ya faru da masu kuɗi suka ga abin ya yi kyau. Daga shekarar 2000 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta zuba kimanin dala biliyan 2 wajen buɗe ƙananan makarantu da farfasa manya. A farkon 2009 Bill Gates da kansa ya rubuta cewa da yawa daga cikin makarantun ba su ɗaga ƙoƙarin ɗalibai yadda ake fata ba. Mi ya faru? A wurare da dama an ɗauki gini mai ɗalibai dubu biyu an raba shi huɗu, kowane ɓangare da sabon suna da sabon darakta, amma malaman nan ne, jadawalin nan ne, yawan takardun da kowane malami zai duba bai ragu ba. An canja wa tuwo suna. Horace yana nan da 120 ɗinsa, sai dai allon bakin ƙofa ya sake fenti.

Akwai ma wani kuskuren lissafi da masana biyu, Howard Wainer da Harris Zwerling, suka tona a 2006. An lura cewa cikin makarantun da suka fi cin jarrabawa ƙanana sun yi yawa, sai aka ce ƙanƙanta ce sirrin. Da suka duba ƙasan jerin, sai ga ƙananan sun yi yawa a can ma. Dalili kuwa mai sauƙi ne, mu ma mun san shi. Makarantar ƙauye mai ɗalibai 8 a BEPC, bana duka su ci a sa ta a rediyo, baɗi biyu su ci a ce ta mutu. Babbar makaranta mai ɗalibai 500 ba ta irin wannan tsalle, don yawa yana daidaita sakamako. Duk wanda ya kalli saman jeri kaɗai zai ruɗi kansa.

Kada a ce na yi son kai, akwai hujjar da ke goyon bayan ƙananan makarantu. Daga 2002 birnin New York ya rufe manyan sakandare sama da 20 da suka gaza, ya buɗe ƙanana sama da 200. Da yake masu neman gurbi sun fi guraben yawa, ƙuri'a aka riƙa yi, kuma wannan ya ba wata cibiyar bincike mai suna MDRC damar kwatanta yaran da ƙuri'a ta faɗa kansu da waɗanda ba ta faɗa ba. Rahotonta na 2010 ya nuna adadin masu kammalawa ya ƙaru da kusan 7 cikin 100, rahotannin baya suka nuna ya haura haka. Sai dai waɗannan makarantu daga tushe aka gina su: malamai suka rubuto tsarinsu, aka tace, aka zaɓi ma'aikata. Abin da na fahimta daga labaran biyu shi ne ƙanƙanta ƙofa ce kawai. In an buɗe ta aka shigo da lokaci da ƴancin malamai, a ga amfani. In ba a shigo da kome ba, ɗaki ne ƙarami babu kowa ciki.

Ƙorafi na biyu ya fi yi mini zafi. Ƙa'idojin Sizer tara ne da farko. Ta goma, wadda ta yi maganar dimokuraɗiyya da adalci tsakanin ɗalibai, sai can cikin shekarun 1990 aka ƙara ta, fiye da shekara goma bayan kafa haɗakar. Wani zai ce ai an ƙara, mi ne ne na tada jijiyar wuya? Ni dai na koyi cewa abin da aka tuna daga baya shi ake fara mantawa in an shiga matsi. Ga misali: a shekarun farko na sababbin ƙananan makarantun New York, an ba su izinin su yi shekara biyu ba tare da sun ɗauki yaran da ke buƙatar kulawa ta musamman ba, da yaran baƙi da ba su iya Ingilishi ba tukuna. Sai da aka yi ta ƙorafi kafin a janye izinin. To ina yaran nan suka tafi? Manyan makarantun da suka rage, waɗanda dama sun cika sun batse. Makarantar da aka gina don a san kowane yaro ta fara da rufe ƙofa ga yaron da ya fi wuyar sani. Kuma ko da an buɗe ƙofar, tsarin zaɓen makaranta yana fifita yaron da uwarsa ta iya cika takarda kuma ta san wa za ta tambaya.

Wannan ya kawo ni ga ƙorafin da ya sa na ɗauki alƙalami. Duk ginin Sizer a kan kalma guda ya tsaya: malami ya san ɗalibi. To mi ake nufi da sani? Ba sanin suna ba ne, ko ɗan acaba ya san sunana. Abin da Sizer yake nufi shi ne malami ya ji yadda yaro ke tunani, ya gane ta inda kuskurensa ya ɓullo. Tunanin yaro kuwa ta baki yake fitowa, da harshe. Horace da ɗalibansa harshe guda suke yi a gida da makaranta, shi ya sa littafin bai tsaya a kan wannan ba. Lokaci kaɗai Horace ya rasa. Amma in yaro ba shi da harshen da zai faɗi abin da ke kansa, ko ka zaunar da shi shi kaɗai gaban malami awa biyu, shiru za ka ji.

Na ga wannan da idona. A CE1 akwai wani yaro da muke benci guda. Ranar kasuwa shi ke riƙe wa babansa kuɗin awo, yana lissafin tiya da canji a ka, da dala da jikka, manya ba sa iya cutarsa. A aji kuwa an sa shi cikin daƙiƙai, don in mushe ya yi tambaya da Faransanci sai ya sunkuyar da kai. Ran da ya kuskura ya ba da amsa da Hausa, amsar daidai ce, amma abin da ya samu shi ne sambol a wuya, aka yi masa dariya. Bai kai CM2 ba. Mu 60 da wani abu ne a ajin, gaskiya ne. Amma ko mu 15 ne, muddin dokar ita ce kada ya buɗe baki da harshen da yake tunani da shi, mushe ba zai taɓa sanin akwai mai lissafi a bencin baya ba.

Abin sha'awa, a cikin yunƙurin Amurka ɗin ma akwai waɗanda suka gane haka. A 1985 aka buɗe wata ƙaramar sakandare a New York, International High School, don yaran da ba su daɗe da shigowa ƙasar ba. A irin waɗannan makarantu yara suna aiki rukuni-rukuni, ana barinsu su tattauna da harsunansu na gida yayin da suke koyon Ingilishi a cikin kowane darasi. A ganina su ne suka kai maganar Sizer inda ya kamata ta kai, ko da yake ba su ne aka fi ambata ba in ana ba da tarihin.

Mu ma a Nijar muna da namu tarihin da ya yi kama da wannan. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Zinder, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci ya shigo, daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. Amma shekaru da dama makarantun nan suka yi suna ɗauke da sunan gwaji, ƴan kaɗan a gefe, alhali mafi yawan yara suna shiga CI su tarar da harshen da ba su taɓa ji ba. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a ƙarshen firamare, ko yaro 1 cikin 10 bai kai matakin da ake so a karatu ba. Ciwon da ya kama su shi ya kama makarantar Meier: abu mai kyau, ƙarami, da ya dogara da ƴan mutane masu himma, wanda babban tsari ya bari ya rayu a gefe amma bai yarda ya sauya saboda shi ba. Haɗakar Sizer kanta ta rufe a 2017, shekara takwas bayan rasuwarsa, jarrabawar bai-ɗaya da ya yi ta suka kuwa tana nan daram.

Akwai gargaɗi guda da ba zan tsallake ba. Meier ta kafa wata ƙaramar makarantar a Boston a 1997, Mission Hill, aka yi ta yabonta har da fina-finai. A 2022, shekaru da yawa bayan ta bar wurin, hukumar ilimin birnin ta rufe makarantar, bayan wani bincike ya gano cewa an kasa kare yara daga cin zali da lalata a tsakaninsu, kuma ba a ɗauki koken iyaye da muhimmanci ba. Inda kowa ya san kowa, rufa-rufa tana da sauƙi, mai ƙorafi ya zama maƙiyin gida. Mu da muka tashi a unguwa ba sai an fassara mana wannan ba. Duk mai son ƙaramar makaranta mai cin gashin kanta, sai ya yarda wani daga waje ya riƙa leƙowa, ya kuma saurari yaro da uwarsa.

Na san abin da wasunku za su ce, don an riga an faɗa mini a fada: kai, ƙasar da yara ke karatu a rumfar zana, inda gobara ta ci yara a aji a Yamai a watan Afrilu na 2021 ta kuma ci wasu a Maraɗi a watan Nuwamba, ita za ka kawo wa zancen ɗalibi 80 ga malami? Gaskiyarku. Ba mu da kuɗin Gates, malaman kwantiragi ma albashinsu sai an yi jira. Amma ku duba, kuɗin Gates ɗin ba su sayi abin da ake nema ba. Abubuwan da suka yi aiki a Harlem, wasunsu tsari ne kawai. Malami ya bi aji guda shekara biyu ko uku a maimakon a sauya masa fuskoki kowace Oktoba. A babban CEG a raba ɗalibai gida-gida, malamai biyar ko shida su riƙe azuzuwa guda, su zauna sau ɗaya a mako su yi maganar yara da sunayensu. A rage tsawon manhaja da ake gudu a gama ba a fahimta ba. A bar yaro ya fara bayyana tunaninsa da harshen da ya iya, sannan a taimake shi ya maimaita da Faransanci. Ko ɗaya daga ciki bai buƙatar buhun siminti. Abin da suke buƙata shi ne a yarda da malami, wanda a wurinmu ya fi siminti tsada.

Hukuncina a kan littafin: ku karanta shi, musamman ku da za ku riƙe alli baɗi ko baɗin baɗaɗa, don da yawanmu can muka nufa ko muna so ko ba mu so. Zai ba ku sunan wani ciwo da kuka daɗe kuna ji. Amma ku karanta shi kuna sane da cewa an rubuta shi don ajin da malami da ɗalibi ke jin maganar juna, kuma adalci bai shigo jerin ƙa'idojinsa ba sai daga baya. Mu a nan daga waɗannan biyun za mu fara.

Ni dai na yanke wa kaina abu guda. A hutun da ya wuce na koyar da yaran unguwarmu 12 a zauren gidanmu, masu shirin shiga sizyam. Ranar farko na ba su lissafi na ce kowa ya gaya mini yadda ya yi ya samu amsarsa, da duk harshen da ya ga dama. Wata yarinya da ƴan'uwanta suka ce ba ta magana a aji ta yi minti uku tana bayani da Hausa, ta bi wata hanyar da ni ban yi tunaninta ba, kuma ta fi tawa gajarta. Bayan nan muka zauna muka juya bayanin nata zuwa Faransanci jimla-jimla, ta rubuta a kayenta. Hutu mai zuwa zan sake buɗe zauren. Wanda ke Maraɗi a lokacin kuma yana da awa biyu da safe, ya neme ni ta hannun masu haɗa wanga ɗan littafi, don yara sun ce za su zo da ƙannensu kuma ni kaɗai ba zan iya sauraron 30 ba.